BABI NA UKU: TASIRIN SOYAYYA DA DUKIYA WAJEN GINA HALAYEN ABUBAKAR A LITTAFIN JIKI MAGAYI

3.0 GABATARWA

A babi na biyu an yi bitar ayyukan da suka gabaci wannan nazari. A wannan babi kuwa za a duba yadda abubuwa biyu, wato soyayya da neman dukiya, suka haɗu suka gina halayen tauraro guda ɗaya, shi ne Abubakar na cikin littafin Jiki Magayi. An zaɓi wannan tauraro ne saboda mai karatu yakan fara littafin yana tausaya masa, amma ya ƙare yana ƙyamar aikinsa. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce, me ya mayar da saurayin da aure kawai yake nema ya zama mai ɓata rayuwar yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba?

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, ko da yake ba dukiya Abubakar ya fita nema ba, dukiya ce ta shata masa hanyar da ya bi. Tun ranar da kuɗi ya raba shi da masoyiyarsa ya koyi kallon mutum a matsayin abin biyan buƙata, kamar yadda abokin hamayyarsa ya yi. Don tabbatar da haka, za a fara da bayanin littafin da zamaninsa, sannan a bi matakan da halin tauraron ya bi wajen sauyawa, daga bisani a kwatanta shi da wasu taurari na gida da na waje.

3.1 LITTAFIN DA ZAMANINSA

Jiki Magayi yana ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da rubutun boko a ƙasar Hausa. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai. Littattafan da suka biyo bayan gasar, waɗanda suka fara fitowa a 1934, su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida Umaru, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi kansa East.

Idan aka dubi waɗannan littattafai za a ga kowanne da inda ya sa gaba. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da barkwanci, Ganɗoki jaruntaka da yaƙi, Shaihu Umar bauta da ilimi, Idon Matambayi kuma dabarun ɓarayi. Jiki Magayi kaɗai ne aka gina a kan son da ke tsakanin saurayi da budurwa, da abin da kan biyo baya idan mai kuɗi ya shiga tsakani.

Haka kuma ya kamata a tuna da irin zamanin da aka rubuta shi. Hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Kaduna da Zariya ta isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗin Turawa ya kori wuri, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. A 1917 Kaduna ta zama hedikwatar lardunan Arewa a maimakon Zungeru. Daga 1929 kuma tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi, kuɗi ya yi wuya a hannun talaka. Ba tarihin tattalin arziki littafin ya zo bayarwa ba, amma masu karatunsa na farko sun san ƙarfin da tsabar kuɗi ta samu a rayuwarsu. Garin da labarin ya faro ma, wato Galma, sunansa ɗaya da kogin da ya bi ta gefen Zariya ya zuba a kogin Kaduna. Ke nan mai karatu na wannan yanki ba ya jin labarin a matsayin na wata ƙasa mai nisa.

3.2 MA'AUNIN DA AKA BI

A fagen nazarin ƙagaggun labarai, tauraro shi ne mutumin da marubuci ya ƙirƙira ya ɗora wa ayyuka da maganganu don isar da saƙonsa. E. M. Forster (1927) ya kasa taurari gida biyu. Akwai tauraro mai hali ɗaya, wanda yadda aka gan shi a farko haka za a rabu da shi a ƙarshe. Akwai kuma mai sauya hali, wanda abubuwan da suka same shi kan canza shi har ya ba mai karatu mamaki. Abubakar yana cikin kashi na biyu.

Amma ba a iya cewa hali ya sauya sai an san ma'aunin da al'umma take auna hali da shi. A nan an ɗauki bayanin Kirk-Greene (1974) game da mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura shi ne, dukiya ba ta cikin jerin, soyayya ma ba ta ciki. Su biyun jarrabawa ne da ake gwada waɗancan siffofi da su. Da wannan ma'auni za a bi Abubakar a ga abin da ya riƙe da abin da ya saki.

3.3 GUNDARIN LABARIN

A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya ba dukiya amma bai ba shi haihuwa ba, duk da yana da mata. Sai ya yi mafarkin cewa idan ya auri wata yarinya mai suna Zainab zai sami ɗa. Ita kuwa Zainab tana da saurayinta, Abubakar, suna son juna, kuma maganar aure ta shiga tsakaninsu. Malam Shehu ya sa ƙarfin dukiyarsa, iyaye suka karkata, ita ma daga baya ta amince, aka ɗaura aure.

Abubakar ya yi alwashin ramuwa. Ya bar gari ya shiga duniya neman maganin da zai rama da shi, ya sha wuya a hanya da cikin daji har ya samu. A wannan tsakani Zainab ta haifi ɗa namiji, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya komo ya yi wa yaron maganin, yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin iyayensa, ya bi ɓarayi ya shiga duniya. Daga ƙarshe ya shiga wani gida sata ba tare da sanin na mahaifinsa ba ne, ya zama ajalin uban. Da ya ji asalin abin da ya same shi sai ya fita neman Abubakar don ɗaukar fansa. Labarin ya ƙare da mutuwar Abubakar da tubar Kyauta.

3.4 MATAKAN SAUYAWAR HALIN ABUBAKAR

3.4.1 Abubakar Masoyi

A matakin farko Abubakar ba shi da wani abin zargi. Yana son yarinya, tana son sa, ya kuma bi hanyar da al'ada da addini suka yarda da ita, wato neman aure. Bai fi ƙarfin bukatunsa ba, amma ba a nuna shi yana hangen abin hannun wani ba. Sai dai a nan ne kuma rauninsa yake. Duk abin da mai karatu ya sani game da shi ya rataya ne a kan Zainab. Ba shi da wani buri na biyu da zai koma wa idan na farko ya kuɓuce. Wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, ranar da kwandon ya faɗi ba ya tsira da komai. Saboda haka soyayya ta ba shi gaskiya da riƙon alkawari, amma ba ta tanadar masa haƙurin rashi ba.

3.4.2 Abubakar Wanda Aka Fi Ƙarfi

Mataki na biyu shi ne na shigowar Malam Shehu. Wajibi ne a fahimci girman laifin da aka yi wa Abubakar kafin a yanke masa hukunci. A shari'ar Musulunci an hana mutum ya nemi aure a cikin neman ɗan'uwansa bayan an riga an karkata ga na farkon, abin da Hausawa ke kira nema cikin nema. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, akan raba irin wannan aure idan ba a tare ba, amma idan an tare ya tabbata. Ma'ana, da zarar an kai Zainab ɗakinta, Abubakar ba shi da sauran ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da ya fi yi masa ciwo ba rashin Zainab kaɗai ba ne. Ya ga an ɗora son da yake taƙama da shi a kan sikeli, an auna shi da kuɗi, kuɗi ya rinjaya. Da wani saurayi ne ya fi shi kyau ko iya zance, da sai a ce an yi takara an kayar da shi. Amma a nan ba a yi takara da shi ba, an dai nuna masa cewa talaucinsa ya isa ya hana a saurare shi. Wannan wulaƙanci ne, kuma wulaƙanci ya fi rashi daɗewa a zuciya. A wannan mataki ne ya saki siffa ta farko daga cikin siffofin mutumin kirki, wato haƙuri.

3.4.3 Abubakar Matafiyi

A mataki na uku Abubakar ya bar gida. Tafiya neman wani abu mai wuyar samu tsohon salo ne a tatsuniyoyin Hausa, kuma shi ne ƙashin bayan Ruwan Bagaja. Bambancin shi ne, a can an fita neman ruwan da zai warkar da cuta, a nan kuwa an fita neman abin da zai sa cuta. Marubutan sun ɗauki hanyar da jarumi ya saba bi suka ɗora mai ramuwa a kanta.

Akwai buƙatar a rarrabe tsakanin haƙuri da naci, domin wanda bai lura ba zai iya ɗaukar juriyar Abubakar a matsayin haƙuri. Ya jure wahalar tafiya, ya jure tsoron daji, ya jira tsawon lokaci. Amma haƙuri a wurin Bahaushe shi ne danne zuciya da miƙa al'amari ga Allah. Abin da Abubakar ya yi shi ne ciyar da fushinsa don kada ya huce. Kowace wahala da ya sha sai ta zama ƙarin bashi a kan Malam Shehu, ta kuma sa komawa baya ya ƙara yi masa wuya, domin wanda ya sha wuya a kan abu ba ya son a ce masa aikin banza ya yi. A ƙarshen tafiyar, Zainab ba ita ce a gabansa ba kuma. Sunanta ne ya fitar da shi daga gida, amma Malam Shehu ne ya cika masa zuciya.

3.4.4 Abubakar Mai Ramuwa

Mataki na huɗu shi ne ya fi bayyana tasirin dukiya a kan halinsa, kuma ana gane haka daga irin ramuwar da ya zaɓa. Bai kashe Malam Shehu ba, bai ƙona masa dukiya ba, bai kuma nemi ya kashe auren ya auri Zainab ba. Ya nufi Kyauta. Dalili kuwa a fili yake. Ɗa shi ne abin da Malam Shehu ya rasa duk da arzikinsa, kuma don samun sa ne ya kashe kuɗi ya auri Zainab. Sunan yaron ma shaida ne, domin Hausawa kan kira yaro Kyauta idan an same shi bayan an daɗe ana jira. Abubakar ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa, ya gano wace haja ce ta fi tsada a wurin abokin gabarsa, ya lalata ta.

Haka kuma cutar da ya zaɓa wa yaron ita ce sata. Ɗan attajiri ba ya bukatar sata, saboda haka satarsa ba ta da uzurin yunwa, abin kunya ce tsagwaronta. Malam Shehu ya ɗauki abin da yake na wani, sai ga ɗansa ya tashi ba shi da aiki sai ɗaukar abin wasu. Magajin da aka nema don ya tsare dukiya shi ya zama mai zubar da mutuncin gida, mutunci kuwa ba a sayen sa a kasuwa.

A nan ne ra'ayin wannan babi ya tabbata. Malam Shehu bai nemi Zainab don ita kanta ba, ya neme ta ne don ta zama hanyar samun ɗa. Shi ma Abubakar bai dubi Kyauta a matsayin yaro mai ransa da rabonsa ba, ya ɗauke shi sandar dukan ubansa. Ke nan wanda aka zalunta ya ɗauki darasin azzalumin, har ya zarce shi. Malam Shehu ya raba masoya biyu, Abubakar kuwa ya jawo mutuwar uba a hannun ɗansa, ya kuma bar matar da ya ce yana so da takaba da baƙin cikin ɗa. Da ma Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. A wannan mataki ya rasa adalci, domin ya hukunta marar laifi, ya rasa amana da kunya, hikimarsa kuma ta koma makirci.

3.5 SAURAN TAURARI A MATSAYIN MADUBI

Ba a gane halin tauraro sosai sai an dube shi tare da waɗanda ke kewaye da shi. A wannan littafi neman abin duniya ya bayyana ta fuska uku, kowace tana haska wani ɓangare na Abubakar.

Malam Shehu shi ne mai dukiyar da ya ɗauka babu abin da ba za ta saya ba. Ba a nuna shi a matsayin mugu tun asali ba. Bukatarsa ta haihuwa bukata ce da kowane Bahaushe zai fahimta, musamman mai abin da za a gada. Laifinsa shi ne rashin damuwa da wanda zai taka kafin ya kai ga bukatar. Zainab kuwa ita ce wadda aka sa a tsakani. Ba daidai ba ne a ɗora mata laifin duka, ganin cewa a wancan zamani maganar iyaye ita ce gaba a auren budurwa. Duk da haka amincewarta ita ce ta fi ƙona Abubakar, domin ta nuna masa cewa ko zuciyar da ya dogara da ita tana iya karkata. Kyauta shi ne neman dukiya tsirara, ba sana'a, ba kunya, ba iyaka.

Wani zai iya cewa shigo da magani ya raunana ginin taurarin, tunda Kyauta bai zaɓi sata da kansa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan Kyauta ake nazari. Amma game da Abubakar, maganin ƙara masa nauyi ya yi. Tunda yaron ba shi da zaɓi, alhakin duk abin da ya aikata yana komawa ga wanda ya zaɓa masa. Shi ya sa tuba ta yiwu ga Kyauta a ƙarshe, Abubakar kuwa bai ci ribar komai ba. Sunan littafin ya dace da wannan, wato abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai faɗa.

3.6 KWATANCI DA WASU TAURARI

Saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ba a adabin Hausa kaɗai ake samun sa ba. Za a kawo misalai biyu daga waje, ba don a ce wani ya kwaikwayi wani ba, sai don bambancin ya ƙara fito da halin Abubakar.

A littafin Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a Ingila a 1847, Catherine ta zaɓi auren Edgar Linton mai dukiya da asali ta bar Heathcliff. Heathcliff ya ɓace shekara uku, ya komo da kuɗi, ya mallake gidan da aka wulaƙanta shi a ciki, ya kuma rene Hareton, ɗan maƙiyinsa Hindley, cikin jahilci kamar bara. A littafin The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a Amurka a 1925, Daisy ta auri attajiri Tom Buchanan, shi kuwa Gatsby ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya a zamanin da aka hana sayar da giya a ƙasar, da fatan ya dawo da ita. Bai same ta ba, ya kuma mutu ta hanyar harbi.

Heathcliff ya yi kama da Abubakar wajen huce haushi a kan ɗan da bai yi laifi ba. Amma shi da Gatsby duka sun amsa kuɗi da kuɗi, Abubakar kuwa ya amsa kuɗi da asiri. Ana iya kawo dalilai biyu. Na farko, a tunanin Bahaushe arziki rabo ne daga Allah, ba abin da fushi kaɗai zai tara wa mutum ba. Na biyu, ko da ya tara dukiyar, aure ya riga ya tabbata, kuma abin da yake so ba Zainab ba ce kuma, so yake Malam Shehu ya ɗanɗani rashi. Asiri shi ne makamin wanda ba shi da kuɗi kuma ba shi da mai tsaya masa. Duk da bambancin makami, sakamakon ɗaya ne: su ukun sun bar abin da aka yi musu ya zama shi ne dukkan rayuwarsu.

A gida kuma akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a 1991. A nan ma taurari uku ne: Sumayya 'yar masu hali, da Muhammad talaka, da Abdulƙadir mai kuɗi wanda ya bi ta hannun kakarta da kyaututtuka. Amma Sumayya ba ta bi sawun Zainab ba. Ta ƙi amincewa har ta faɗa rijiya, aka cece ta, daga ƙarshe ta auri Muhammad. Tunda budurwar ba ta karkata ba, saurayin bai sami dalilin zama mai ramuwa ba. Wannan ya ƙara nuna cewa abin da ya karya Abubakar ba ƙarfin attajiri kaɗai ba ne, har da ganin cewa kuɗi ya shiga zuciyar wadda yake so. Tsakanin littattafan biyu akwai fiye da shekara 50, kuma a wannan tsakani nauyin labarin ya tashi daga kan saurayi ya koma kan budurwa da 'yancinta na zaɓi.

3.7 MUHIMMANCIN NAZARIN GA MUHAWARAR LITTATTAFAN SOYAYYA

A shekarun 1990 an tafka muhawara a kan littattafan soyayya na Hausa, kuma jaridun Kaduna ne suka zama babban fagenta, musamman Nasiha da New Nigerian, wadda aka kafa a 1966 da hedikwata a kan titin Ahmadu Bello. Ibrahim Malumfashi, wanda ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, yana cikin masu suka, Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu kuma suna cikin waɗanda suka tsaya musu. Ɗaya daga cikin zarge-zargen da aka yi ta yi wa littattafan shi ne kwaikwayon finafinan Indiya, kuma Brian Larkin (1997) ya yi nazarin wannan dangantaka.

Ba a musun cewa finafinan Indiya sun yi tasiri a kan salon waɗannan littattafai. Amma Jiki Magayi hujja ce cewa jigon kansa, wato karon soyayya da dukiya, ya riga su zuwa. An fara nuna finafinan Indiya a Arewa ne a shekarun 1950, alhali Abubakar ya rasa Zainab tun a shekarun 1930. Abin da ya sake rura jigon shi ne sauyin tattalin arziki: kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya haifar da sababbin attajirai, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira ya sa aure ya yi wa matashi nauyi.

Wanda ya san arewacin birnin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Tazarar da ke tsakanin manyan gidajen Unguwar Rimi da Malali da kuma gidajen haya na Badarawa ko Unguwar Shanu ba ta da yawa a ƙafa, amma tana da yawa a wajen neman aure. Shari'a ta sa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya, amma al'ada ta ƙara kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye, da akwatunan lefe na atamfa da leshi da takalma da kayan shafa, irin waɗanda ake haɗawa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Muddin ana auna mai neman aure da yawan akwatunansa, za a ci gaba da samun saurayin da aka ce ya matsa wani ya shiga. Darasin littafin ya shafi ɓangarori uku: mai kuɗi da ke shiga neman wani, da iyayen da ke buɗe masa ƙofa, da kuma shi wanda aka ƙwace wa, wanda zaɓin abin da zai yi da baƙin cikinsa yana hannunsa.

3.8 NAƊEWA

A wannan babi an bi halin Abubakar ta matakai huɗu: masoyi, wanda aka fi ƙarfi, matafiyi, da mai ramuwa. An nuna cewa soyayya ce ta ba shi buri guda ɗaya da ya rataya rayuwarsa a kai, dukiya kuma ta ƙwace burin ta koya masa kallon mutum a matsayin kayan aiki. An kuma ga cewa ramuwarsa ta ɗauki kamannin laifin da aka yi masa, domin ya yi wa Kyauta abin da Malam Shehu ya yi wa Zainab, har ya fi. Kwatanci da Heathcliff da Gatsby ya fito da dalilin da ya sa ya nemi asiri maimakon kuɗi, kwatanci da In Da So Da Ƙauna kuma ya nuna muhimmancin matsayin budurwa wajen sauya makomar saurayi. A babi na gaba za a duba salo da sarrafa harshen da marubutan suka yi amfani da su wajen fito da waɗannan halaye.